Ranar da Gwaggo Saude ta Zo Mana Wuni

Wasunku sun sha tambayata me ya sa ba na ɗaga kiran bidiyo da safe, ko da ƙawa ce. Yau zan faɗa. Ku yi haƙuri da ni, ban iya kuka a rubuce ba. Abin da ya faru kawai zan jera muku.

Sunana Hafiza. Shekara shida na yi a Aljeriya ina karatun aikin ruwa. Na dawo Ƙonni da takardar shaida, da akwati biyu, da wata baƙar jaka wadda ban yarda kowa ya kama mini ba tun daga tasha har gida. Inji ne a ciki, bai kai girman kwanon sha ba, da tiyo mai tsawon gaba guda, da abin da ake ɗaurawa a fuska ya rufe hanci da baki. Inna takunkumi take ce masa, ni ma har na bi ta.

Idan na yi barci maƙogwarona yana rufewa, numfashi ya tsaya. Likitan can ya kwantar da ni asibiti ya ƙirga: sau arba'in da ɗaya a awa guda. Injin, wanda suke kira CPAP, iska yake turawa a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Ke nan. Ba aljani ba ne, ba sammu ba.

Da likitan ya kunna mini muryata da ya naɗa, minshari, sai shiru, sai zabura, ban yi mamaki ba. Na san shirun nan tun ina da shekara goma sha ɗaya. Babanmu, Malam Iliyasu, yakan yi ƙailula ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. Idan minsharinsa ya yanke mukan ƙirga da yatsu, ni da 'yan uwana, mu ga nawa zai kai kafin ya zabura. Wasa muka ɗauke shi. Wata Alhamis ni kaɗai ce a wurin. Na kai sittin kafin in kira Inna. Babu likitan da ya duba shi, don haka ba zan ce ga abin da ya ɗauke shi ba. An sare itacen tuni. Ni dai har yau ba na taka wurin.

To ga Sufyan. Mai gyaran lantarki ne a masana'antar siminti ta Malbaza. Dogo, marar yawan magana, kullum da abin gwada wuta a aljihun gaba, ko da shadda ya sa. Wata takwas yana zuwa zance, an sa rana, saura mako biyar. Ina son sa. Na rubuta wannan a fili don kada wata ta ce mini tilas aka yi mini. Kowace safiya saƙonsa ke fara shigowa: "Kin tashi lafiya?" Kowace safiya ina amsa masa: "Lafiya lau."

Bai san da injin ba.

Na so in gaya masa tun watan farko. Inna ce ta hana.

"Ke, kina da hankali kuwa? Namiji ya ji amarya na kwana da takunkumi kamar raƙumi? Bari a ɗaura. In kin shiga ɗakinki ya gani da idonsa, ba ya kore ki."

"In ya ce an ɓoye masa fa?"

"Wace mace ce ba a ɓoye wa miji wani abu nata ba? Mi kika sani?"

Ban ja da ita ba. In faɗa muku gaskiya, na ji daɗi da ta hana ni. Na samu wanda zan ɗora wa tsorona.

Injin yana ba ni barci, amma yana karɓar nasa. Da fari bushewar hanci da baki ce, in tashi harshe kamar ƙirgi. Wannan na iya da shi: akwai ɗan tankin ruwa a jikin injin da ke jiƙa iskar, in cika shi da ruwa mai tsabta wanda aka tafasa ya huce, in fesa ruwan gishiri na kantin magani a hanci. Sai Inna ta shigo da nata maganin. Ta ga karan hancina ya yi ja inda robar ke zama, ta kawo man kaɗanya ta ce in lafta kafin in kwanta. Na lafta. Robar ta riƙa zamewa, iska na tserewa tana hura mini ido har ya yi jajir. Na ƙara tamke igiyoyin. Ja ya koma gyambo. Sai da na yi mako biyu kafin in gane cewa mai da roba ba sa shiri: a wanke fuska, a wanke robar da sabulu marar ƙamshi, a sassauta igiya, a sa ɗan ƙyalle mai laushi tsakani. Gyambon ya warke ya bar baƙin tabo. Hoda nake danna masa kafin Sufyan ya zo.

Babban abin shi ne ciki. Wani lokaci iskar ba huhu kaɗai take zuwa ba, ana haɗiye ta. Sai in tashi da ciki kamar ganga, in yi ta gyatsa har hantsi, zuwa azahar ya sace. Abin ya ƙaru tun da aka sa rana, domin Inna ta tashi gyaran amarya. A ganinta na dawo a bushe, dangin miji za su ce ba a ba ni abinci. Fura da nono bayan isha'i, kunun gyaɗa a kai, wai in ciko. In kwanta da cikakken ciki, inji ya ƙara mini iska.

Na rubuta wa likitan da ke duba ni a Yamai. Ta ce in daina cin abu mai nauyi dab da kwanciya, in ɗaga kai da matashi biyu, in kwanta ta gefe. Ta ce tun da na rame wataƙila ƙarfin iskar ya yi mini yawa yanzu, in zo ta duba ta rage, kada in taɓa da kaina. Na ce bayan biki. Komai bayan biki.

Naja'atu ce telarmu. Ranar da ta auna ni don ɗinkin leshin walima, da yamma ne. Ranar gwaji kuwa ta ce in zo da sassafe, tana da aiki. Na sa siket ɗin, zip ya hau rabi ya tsaya.

"Ja numfashi."

Na ja.

Ta ɗauko awo ta zagaya ƙuguna, ta duba littafinta, ta sake zagayawa.

"Ikon Allah. Yatsa huɗu cikin kwana goma. Amarya, mi ake ba ki?"

Na buɗe baki zan amsa, gyatsa ta riga ni. Na rufe baki da hannu. Ta dubi jan idona, ta dubi cikin, ta yi wani ɗan murmushi.

"Ba komai, sai in ƙara miki fili. Mu ai mun saba da 'yan ƙasar waje."

Sai a hanya na tuna ita ke yi wa ƙannen Sufyan ankon biki.

Kwana uku bayan nan, Litinin da rana, saƙonsa ya shigo.

"Gwaggo Saude za ta zo daga Badagishiri ranar Laraba. Ta ce gidanku za ta wuni."

Gwaggo Saude yayar mahaifinsa ce. Ita ta yi renonsa bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu ba a yanke magana sai ta ce to.

"Lafiya?" na rubuta.

"Zumunci."

Na ajiye wayar. Ta sake ƙara.

"Hafiza, in akwai abin da ya kamata in sani, gara in ji daga bakinki."

Na daɗe ina kallon layin nan. Na rubuta: "Ba komai."

Inna ta fi ni saurin fahimta. Da na karanta mata sai ta dafe ƙirji.

"Duba ki za ta yi. Shegiyar telar nan ta kai magana. Innalillahi! Ciki suke nufi!" Ta yi zagaye biyu a ɗaki, sannan ta tsaya. "Daren Laraba ba ki sa abin nan. Ki tashi ciki a lafe, fuska a wanke. Ta duba ta tafi."

"Inna, in ban sa ba ba na barci. Kwanciya kawai nake."

"Dare ɗaya. Shekara nawa kika yi babu shi, kika mutu?"

Ta ji abin da ta faɗa. Ni ma na ji. Daren nan ban sa ba.

Na tashi da ciki a lafe, kai kuma kamar an ɗaure shi da waya. Inna ta tura jakar can ƙarƙashin gado ta jera kwalla biyu a gabanta. Na sa atamfa ruwan goro, ɗinkin riga da zane, na ɗaure zanen tamau don a ga ƙugu. Hoda biyu a hanci.

Gwaggo Saude ta iso da hantsi. Gajeriya, baƙa, lulluɓi fari, carbi a wuya, buhun albasa ƙarami na tsaraba a kan ɗan kabu-kabun da ya kawo ta. Na durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, sannu da hanya. Ina gajiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Taso nan kusa. Idona ba shi gani nesa."

Idonta yana gani sarai. Ta riƙe hannuna ta juya tafin, wai tana yaba laushi. Ta ja fatar ƙarƙashin idona, wai ƙwaro ta gani. Ta daɗe tana kallon ramin wuyana inda jijiya ke bugawa. Sannan ta kwance wani ƙulli daga jakarta, daddawa da busasshen kifi, ta tura mini har hanci.

"Shinshina. Ta Badagishiri ce, ba irin taku ta kasuwa ba. Ke za ki yi mana miyar rana."

Na shinshina. Na yi miyar. Ta zauna bakin madafa a kan kujera 'yar tsugune tana jiran in yi amai, tana ba Inna labarin rijiyoyin lambu. Ban yi ba. Na ci tuwo a gabanta, ta ƙara mini, na cinye. Na ga kafaɗunta sun fara sauka. Inna har ta soma dariya mai sauti.

Da mun tsaya nan da mun ci nasara.

Bayan azahar zafi ya sauko. Gwaggo ta ce ƙafafunta sun gaji, za ta ɗan miƙe.

"A ɗakin amarya. Zo ki taya ni hira, in ji labarin ƙasar Larabawa."

Ta kwanta a gadona, daidai saman jakar. Na zauna a tabarma na jingina da bango. Fanka na juyawa. Ta tambaye ni ko can ma suna cin tuwo. Na fara ba ta amsa. Na tuna na ce mata suna da wani abinci kamar dambu. Na tuna na mintsini cinyata. Daga nan ban tuna komai ba.

Mari ne ya tashe ni. Na gaske, a kunci.

"La'ilaha illallahu! Ke! Ke ɗiyar nan! Shatu! Shatu, taho!"

Tana durƙushe a kaina, lulluɓinta ya faɗi, hannunta ɗaya ya damƙe wuyan rigata. Na ja iska da wani sauti da na sani. Ban taɓa jin sa daga bakina ina farke ba. Na Baba ne.

Inna ta ji sunanta ta shigo da gudu, hannu duk kumfar wanke-wanke.

"Gajiya ce, Yaya, jiya ba ta..."

"Rufe mini baki!" Gwaggo ta ɗaga carbinta. "Minshari ta yi kamar ana yanka sa, sai ta yi tsit. Na ce bari in gani. Na ja carbin ga tun daga kai, talatin da uku, ƙirjinta na motsi, iska ba ta fita. Leɓenta ya sake launi. Na wanke gawa ta fi ashirin, Shatu, na san launin nan. Mi ke gare ta?"

Inna ta dube ni. Idonta na roƙona.

Na rarrafa na janye kwallayen, na jawo jakar. Na buɗe ta a tsakiyar tabarma. Na haɗa tiyo, na zuba ruwa a tanki, na sa a wuta. Abin da nake yi kullum ne. Na goge hodar hancina da bakin zane, na ɗaura takunkumin, na kunna. Na zauna ina kallon ta, iska na shiga.

Ta miƙo hannu.

"Cire in ji."

Na cire na miƙa mata. Ta kara a tafin hannu, ta kara a kunci.

"Iska ce kawai?"

"Iska ce kawai, Gwaggo. Ita ke riƙe mini maƙogwaro a buɗe."

"Kullum?"

"Kullum. Jiya ne ban sa ba, don kada ki ga shaida."

"Cikin da ake faɗi fa?"

"Iskar nake haɗiya. Da fura a kai. Zuwa azahar ya sace. Likita ta ce za a rage ƙarfin injin, ya daina."

"Yana warkewa?"

"Ba kamar zazzaɓi ba. Wataƙila in mutu da shi. Amma in ina sawa, barcina kamar na kowa."

"Haihuwa?"

"Ba ya hanawa."

Ta juya takunkumin a hannunta, ta bi tiyon da ido har ƙasa.

"Hancin giwa," ta ce. Ba ta yi dariya ba. Ta juya wurin Inna. "Shatu, kin ban mamaki. Kin gwammace a ce ɗiyarki ta kwaso ciki a ƙasar waje da a ce tana da ciwo? Kin san mi ake faɗi a Malbaza tun ran Asabar? Kin san yaron nan kwana nawa bai ci abincin kirki ba?"

Inna ta zauna bakin gado ta rufe fuska.

"Tsoro na ji, Yaya. Ubanta haka ya..." Ba ta ƙarasa ba.

"Shi ya sa kika hana ta abin da ke riƙe ta? Don ki burge ni?"

Na ce, "Ba Inna kaɗai ba ce. Ni ma ban so ya sani ba."

Gwaggo ta ɗauki lulluɓinta ta kaɗe. Ta yi sallar la'asar a ɗakina, ta daɗe a zaune bayan sallama. Da ta tashi ta tsaya a gabana, kanta bai wuce haɓata ba.

"Ciki na zo nema. Da shi na taras, na san abin da zan ce. Wannan ban san shi ba. Amma ba ni yi wa ɗana ƙarya, kin jiya? Motar Malbaza zan shiga yanzu, can zan kwana. In na sauka zai tambaye ni, ni kuma in faɗi abin da idona ya gani. Tsakanin nan da can, hanya taki ce. In kina da baki, yi amfani da shi."

Ta tafi. Ko rakiya ba ta yarda an yi mata ba.

Ƙonni zuwa Malbaza ba ta cika awa guda ba, ko da motar ta tsaya ɗaukar mutane. Na ɓata minti goma ina rubutu ina gogewa. Daga baya na daina neman kalmomi. Na sake ɗaura takunkumin, na ɗauki hoton kaina, ba kallabi mai kyau, ba hoda. Na tura. Na bi shi da saƙon murya na minti biyu: sunan ciwon, sau arba'in da ɗaya, tabon hanci, cikin, awon Naja'atu. Ban ba da haƙuri da yawa ba. Sau ɗaya na ce ya yafe mini.

Alamar ta nuna ya gani. Ta nuna ya saurara.

Ladan ya fara gyara lasifika don magariba.

Sai ga shi: "Wat nawa na wuta yake ci?"

Na juya injin na karanta masa abin da ke rubuce a ƙasansa.

"In an ɗauke wuta fa?"

"Ina da batir. Yana kai ni asuba."

"To."

Na jira. Yana rubutu, ya tsaya, ya sake.

"Injin bai dame ni ba, Hafiza. Da kin faɗa mini tun farko da tuni na ja miki layinsa daban a ɗaki. Amma na tambaye ki ranar Litinin. Mutane na faɗin abin da suke faɗi, na kare ki, na zo na tambaye ki da kaina, kika ce ba komai."

Gaskiya ya faɗa.

"Na ce wa Kawu Labo ya riƙe katin gayyata, kada a raba tukuna. Jibi bayan sallar Juma'a zan zo. Ba wurin Inna ba. Wurinki."

Inna na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

"Mi ya ce?"

"Ya ce kada a raba katin."

Ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

"Ya fasa?"

"Bai ce ba."

Na kwance tiyon daga injin, na ɗauki takunkumin, na tsallake ƙafafunta na fita tsakar gida. Na wanke su a bakin famfo da sabulu, na ɗauraye sau biyu. Sannan na rataye su a igiyar shanya, tsakanin zanen Inna da hijabina. Katangarmu gajeriya ce. Matar maƙwabcinmu na kwashe nata kayan, ta ɗago kai, hannunta ya tsaya a sama.

"Hafiza, wannan kuma na mene ne?"

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana.

"Nawa ne," na ce. "Da shi nake barci."